Kalanda Ko Asusun Waya: Wanne Uwargida Za Ta Riƙe?

Zancenmu na yau a kan wayar nan ne ta hannu, wadda yanzu da wuya ki shiga gida ba ki same ta a kan tabarma ko a bakin murhu ba.

Kwanakin baya wata maƙwabciyata mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta aiko 'yarta ta kira ni. Da na je sai na tarar da ita da ɗanta suna ta ja-in-ja a kan wayarta. Masu saren mai a wurinta sun ce sun daina yawo da tsabar kuɗi, sai dai ta ba su lambar asusu su tura mata. Yaron ya tashi zai saukar mata da manhajar biyan kuɗi, sai wayar ta nuna ta cika, ba wuri, sai an goge wani abu. Abin da idonsa ya faɗa a kai shi ne wata manhajar kalanda da aka taɓa sa mata, mai nuna watan Musulunci da na Bature, wadda a cikinta aka rubuta mata ranakun zubin adashe da ranakun kai jaririnta rigakafi. Sai ta dube ni ta ce, "Malama, taura biyu ba ta taunuwa, wanne zan bari?"

Na ga tambayar tata ta shafi mata da yawa, domin ƙananan wayoyin da akasarinmu ke riƙewa ba su da wurin ajiya mai yawa, ga tsadar data, ga shi kuma ba kowace mace ke da sukunin koyon abu biyu a lokaci guda ba. Don haka na ce bari mu auna su a nan tare.

YADDA MUKA ZO NAN

Canjin kuɗi ba baƙon abu ba ne ga matan ƙasar nan. Ran 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, kakanninmu suka sha fama kafin lissafin ya zauna musu. A watan Afrilu 1984 gwamnatin soja ta sake launin takardun naira, aka rufe iyakokin ƙasa, aka ba mutane 'yan kwanaki kaɗan su canja, kuma har yau iyayenmu suna ba da labarin matan da kuɗinsu ya mutu a cikin tukunya da ƙarƙashin katifa. Wayar hannu ta shigo a 2001, sa'an nan a 2012 Babban Bankin Nijeriya ya fara shirin rage amfani da tsabar kuɗi daga Ikko. Amma duk wannan bai taɓa matan cikin gida sosai ba sai a 'yan shekarun nan.

A watan Oktoba 2022 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar za a sake takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka ce tsofaffin za su daina aiki ran 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kai tsofaffin banki, sababbin kuma ba su wadata ba. Duk wadda ta yi cefane a watannin nan ba sai an ba ta labari ba: maigida ya kwana a layin banki ya dawo hannu rabbana, mai POS ya yanki rabonsa mai tsoka kafin ya ba ki kuɗinki, mai ƙosai ta soya ta rasa mai saye alhali mutane na jin yunwa. Sai da gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin, sa'an nan aka fara samun sauƙi.

A cikin wannan wahala ne kamfanoni irin su OPay da PalmPay da Moniepoint da Kuda suka shiga gidajen da banki bai taɓa shiga ba, domin buɗe asusunsu ba ya bukatar zuwa layi, kuma a lokacin da na'urorin manyan bankuna ke yawan tsayawa saboda cunkoso, mutane sun ga nasu na tafiya. Kuɗin takarda ya dawo, amma al'adar turawa ta waya ta zauna. Yau mai kayan miya da mai a-daidaita-sahu duk suna da lamba a manne. Duk da haka akwai sauran tafiya, don binciken da ƙungiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manyan mutanen ƙasar nan ba su da wata hanyar ajiya ko hulɗar kuɗi, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya kusa rabi, kuma mata sun fi maza yawa a cikinsu.

ABIN DA ASUSUN WAYA KE YI MIKI

Amfaninsa a fili yake, musamman ga matar da ba ta fita. Da can duk cinikinki sai ya bi ta hannun yaro ko ɗan aike, wani lokaci ya dawo da canji a cike, wani lokaci ya ce ya faɗi. Yanzu mai saye zai turo kuɗin kai tsaye, ki gani da idonki kina zaune a ɗakinki. Ɗan'uwa da ke Fatakwal ko Abuja zai aiko wa tsohuwa kuɗin magani ya iso kafin a sauke tukunya. Kowane shige da fice yana rubuce da ranarsa da sa'arsa, watau kin sami littafin ciniki ba tare da kin riƙe alƙalami ba. Wani babban abu kuma, mace mai karɓar ciniki a waya ba ta da dalilin ɗora wa 'yarta faranti a lokacin makaranta don kawai a karɓo kuɗi. Ni da ke kiran suna a aji kowace safiya na san kujeru nawa talla ke bari wayam.

To amma ba a nan zancen ya tsaya ba. Asusun waya yana cin kuɗi. Akwai harajin gwamnati na naira 50 a kan duk kuɗin da aka tura da ya kai naira 10,000, wanda a ƙarshen 2024 aka shigar da waɗannan kamfanoni cikinsa. Mai POS zai ɗauki ladansa in za ki ciro, ga kuma kuɗin data. Yana kuma dogara da sabis. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane da yawa suka wuni da kuɗi a asusu amma ba halin taɓa su.

Bugu da ƙari, hukuma na iya sake doka a kowane lokaci. A watan Disamba 2023 Babban Banki ya ce dole kowane asusu ya kasance da lambar BVN ko ta NIN. A watan Afrilu 2024 ya hana manyan kamfanonin nan huɗu da na ambata ɗaukar sababbin mutane, sai a watan Yuni ya sake su. A watan Yunin nan ne kuma aka soke lasin bankin Heritage. Abin da ya ɗan kwantar da hankali shi ne akwai hukumar inshorar masu ajiya, NDIC, wadda a 2024 ta ƙara abin da take biyan mai ajiya in banki ya rushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, da miliyan 2 a ƙananan bankuna. Sai dai wannan kariya ta wuraren da ke da lasin Babban Banki ce kawai. Waɗanda suka zuba kuɗinsu a MMM da ya durƙushe a Disamba 2016, ko CBEX da ya rufe a Afrilu 2025, ba wata inshora da ta rufe su. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Mafi muni duka su ne 'yan damfara. Wani zai bugo miki da murya mai daɗi ya ce daga banki yake, za a rufe asusunki in ba ki karanto masa lambobin da aka aiko miki yanzu ba. Da kin karanta, shi ke nan, jarin shekara ya tafi kafin ki ajiye wayar. Wani zai zo sayen kaya ya nuna miki hoton shaidar turawa a wayarsa, ya ɗauki kaya ya tafi, kuɗi ba su shigo ba. Ga kuma masu ba da rance ta waya da ruwa mai yawa, waɗanda in kin yi jinkiri za su bi sunayen da ke cikin wayarki suna aika saƙon cin mutunci, har sai da hukumar kare masu saye ta tarayya ta far musu a 2022.

ABIN DA KALANDA KE YI MIKI

Kalanda ba ta kawo ko kwabo, shi ya sa aka fi raina ta. Amma ki duba yawan ranakun da ke wuyan uwargida. Mai ciki tana da ranakun awo, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa ganin ma'aikaciyar lafiya sau 8 kafin haihuwa maimakon sau 4 da aka saba. Jariri yana da rigakafi ranar haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, sa'an nan na ƙyanda da shawara a wata 9, da ƙarin na ƙyanda a wata 15. Tsakanin mako 14 da wata 9 akwai tazara mai tsawo, a nan ne iyaye mata da yawa ke shagala har lokacin ya wuce. Yaron da ƙyanda ta kama saboda an manta rana ɗaya, abin da za a kashe a asibiti ya fi ribar wata da watanni, in ma Allah ya sa ya tashi lafiya.

Ga lissafin al'ada, wanda ibadar mace ta rataya a kansa, da kwanakin ramuwar azumi da akan bari har Sha'aban ya zo ana kokwanto ko biyar ne ko bakwai. Ga ranar zubi da ranar kwasa, ga kuɗin makaranta na kowane zango, ga ƙarewar kuɗin haya. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, watau tana gaban ta Bature da wajen kwana 11 kowace shekara, shi ya sa azumi da salla kan zo wa mai sakaci ba shiri. Sai dai a lura, kwanan watan Musulunci da ke cikin waya lissafi ne, yakan saɓa da namu da kwana ɗaya. Ganin wata a ƙasar nan sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ake bi.

Ku kuma 'yan makaranta, ranar rufe rajistar jarrabawa ba ta jiran kowa. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, wadda samunta kan ɗauki lokaci. Yarinyar da ta tuna da wannan ana saura kwana uku a rufe tana iya asarar shekara guda, kuma mun san abin da shekara guda a gida kan jawo wa karatun 'ya mace.

Ita ma kalandar da ake saukarwa tana da nata aibin. Da yawa cike suke da tallace-tallace masu shan data, wasu kuma suna kwasar sirrin mai amfani da su. A 2021 hukumar ciniki ta Amurka ta tuhumi kamfanin Flo, mai manhajar lissafin al'adar mata, da miƙa bayanan mata ga su Facebook da Google bayan ya yi alkawarin ɓoye su. Don haka ba kowane abu ake rubuta wa baƙuwar manhaja ba.

TO, WANNE ZA A ƊAUKA?

Ni a ganina tambaya uku za ki yi wa kanki.

Ta farko, in babu shi, me zai maye gurbinsa? Kalanda tana da magaji da yawa. Kusan kowace waya, har ƙaramar nan mai maɓallai, tana zuwa da kalandarta da ƙararrawar tuni, ba ta cin data, ba ta cin wuri. Ga kalandar bango, ga katin asibiti da ke ɗauke da ranar komawa, ga littafin rubutu na 'yan makaranta. Shi kuwa asusu, takarda ba ta karɓar kuɗin da aka turo daga nesa. Abin da ya fi kusa da maye gurbin manhajarsa shi ne lambobin nan da ake dannawa masu farawa da alamar tauraro, waɗanda ke aiki ba intanet, ana cajin naira 6 da kwabo 98 a kowane shiga tun 2021, amma su ma sai kina da asusun tukuna.

Ta biyu, in an yi kuskure, me za ki rasa? Kuskuren kalanda yawanci yana ba da damar gyara, don in kin makara rigakafi da mako guda ma'aikatan asibiti za su yi wa yaron, ba sai an koma farko ba. Kuskuren asusu kuwa nan take yake cizo. Sifiri ɗaya da ya ƙaru, ko lamba ɗaya da ta kauce, kuɗi sun tafi hannun wanda ba ki sani ba, dawo da su kuma sai an sha zirga-zirga.

Ta uku, wa ke riƙe da wayar? In wayar gida ce, maigida ya ɗauka, yara su yi wasa da ita, ƙanin miji ya ara ya fita, to ba wurin ajiye jari ba ce. Haka nan in ba ki iya karanta lambobi da sunan da ke fitowa kafin a tura ba, duk wanda kika ba ya danna miki ya san sirrinki.

In aka haɗa amsoshin, ga inda na tsaya. Matar da ke da sana'a, wayar tata ce, tana kuma iya karanta lamba da suna, ta ba asusun waya wurin, ta mayar da ranakunta cikin kalandar da ta zo da wayar da kuma ta bango. Amma ta kwashe ranakun tukuna kafin ta goge komai. Matar da ba ta kai ga karatun ba kada ta yi gaggawa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ta shiga ajin yaƙi da jahilci ko Islamiyyar matan aure, ko ta sa 'yarta ta koya mata lambobi da karanta suna, abin 'yan watanni ne ga mai niyya. 'Yar makaranta kuwa kalanda ce tata. Kuɗin jarrabawa iyaye ke biya, kuma ko a banki asusun wadda ba ta kai shekara 18 ba da sa hannun iyaye ake buɗe shi. Ina kuma jan kunnenku 'yammata, lambar asusu a hannun budurwa ƙofa ce ga masu cewa "turo lambarki in sa miki na kati", kuma banza ba ta kai zomo kasuwa.

Dalilin da ya sa na ce a fara da ranaku shi ne, kuɗin da ke cikin waya ya fi na bakin zane saurin fita. Na bakin zane sai kin kwance ƙulli, kina ganin yana raguwa. Na waya kuwa dannawa ce kawai, yau kati, gobe anko, jibi an ga atamfa a hoto. Matar da ta san ran 5 ga wata zubi ne, ran 12 kuɗin makaranta, ita ce za ta iya kallon kuɗi a asusu ta ƙyale su. Dubi uwar adashe ta unguwarku. Tun kafin a san waya take riƙe kuɗin mata ashirin ba a taɓa jin kanta da kowa ba, kuma ba da komai take yi ba sai da sanin ranar kowa.

GA MAI BUƊE ASUSU

Na ɗaya, ki tabbata kamfanin yana da lasin Babban Banki, kuma ki buɗe da sunanki da lambarki ta NIN ko BVN, kada ki yi da sunan ɗa ko ƙane, don ranar da aka sami matsala mai sunan kaɗai za a saurara. Na biyu, lambar sirri taki ce ke kaɗai, kada ki sa shekarar haihuwa ko 1234, kada kuma ki rubuta ta a bayan waya. Ba ma'aikacin banki na gaskiya da zai tambaye ki ita, ko lambobin da ake aikowa ta saƙo. Na uku, kada ki saki kaya sai kin buɗe asusunki kin ga kuɗin da idonki. Na huɗu, ki karanta sunan mai karɓa kafin ki tura. Na biyar, in waya ta ɓace a sanar da kamfanin asusun da na layin a rufe su a ranar, don ɓarawo layin yake nema fiye da wayar. Na shida, kada ki zuba duk abin da kika mallaka a wuri ɗaya, ki bar na cefanen kwana biyu a hannu saboda ranar da sabis zai ɗauke. In kuma an cuce ki, ki fara kai kuka ga kamfanin, in bai share miki hawaye ba akwai sashen kare masu ajiya a Babban Banki.

Ku kuma maza da ke leƙen wannan fili, mun san kuna karantawa. Kuɗin sana'ar mace nata ne, addini ma ya tabbatar mata. Ku taimaka a yi mata katin ɗan ƙasa, ku koya mata dannawa, sa'an nan ku kau da kai in za ta sa lambar sirrinta.

Ita dai maƙwabciyar tawa, mun zauna da ita bayan la'asar muka kwashe ranakunta goma sha ɗaya. Muka sa su a kalandar da ta zo da wayar, 'yarta mai aji biyar kuma ta zagaye su da jan biro a kalandar bango, sa'an nan aka goge waccan aka saukar da asusun. Da yaron ya ce ta faɗa masa lambar sirrin don kada ta manta, sai ta ce ai ita ta haife shi, ba ta kuma manta ranar ba.

Sai mun sake saduwa in Allah ya kai mu. Duk wadda ke da abin da ta gani game da wannan al'amari ta rubuto mana, fili naku ne. Allah ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, ya raya mana zuriya, amin.